A Riƙa Duba Lafiyar Mai Jinya Kamar Yadda Ake Duba Mara Lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana a kan wasu bayin Allah waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen lafiya a ƙasar nan, wato masu jinya. Ina nufin 'ya ko mata ko ƙanwa ko ɗa da ke zaune a gefen gadon mara lafiya dare da rana, a asibiti ko a gida, ba albashi, ba hutun ƙarshen mako, ba kuma ranar da aka ɗiba musu cewa aikin zai ƙare. Ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi aiki a asibitin gwamnati har na yi ritaya, kuma abin da na gani da idona ya tabbatar mini cewa da yawa daga cikin waɗannan mutane suna fama da wata irin gajiya ta zuciya da ƙwaƙwalwa wadda barcin dare ɗaya ba ya maganinta, wadda kuma takan kwantar da su ciwo su ma, alhali da an lura da wuri da an tare ta.

Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibitocinmu ya san cewa babban kaso na aikin ɗakin marasa lafiya a wuyan mai jinya yake. Ita ce za ta karɓi takardar magani ta bi layi a wurin biyan kuɗi, ta sake bin wani layin a wurin karɓar magani, idan aka ce babu ta fita bakin titi ta nemo a kemis. Ita za ta kai jini da fitsari ɗakin gwaji ta koma karɓo sakamako, ita za ta yi ta buga waya tana neman wanda zai ba da jini, ita za ta kawar da fo, ta wanke zannuwan da suka ɓaci, ta dama kunu ta ba mara lafiya a baki cokali-cokali. Idan dare ya yi sai ta shimfiɗa tabarma a baranda ko a gindin gado, sauro yana cizonta, kunnenta yana wajen nishin mara lafiya, idonta kuma yana kan ledar ƙarin ruwa don kada ta ƙare ba a sani ba. Mu ma'aikata, duk da ƙarancinmu da yawan aikin da ke kanmu, muna da lokacin tashi, idan wadda za ta karɓe ni ta zo sai in miƙa mata rahoto in tafi gida. Mai jinya sau da yawa ba ta da mai karɓarta, kuma ranar da aka sallami mara lafiya, aikin bin ta yake yi har gida.

Idan ciwon na 'yan kwanaki ne, kamar zazzaɓin cizon sauro ko tiyatar da ake sallama bayan mako guda, jiki yakan jure, a huta a warware. Matsalar tana ga cututtukan da suke zama a gida su yi watanni ko shekaru. Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, sai an riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito masa a baya da kwankwaso, kuma dare ba ya ɗauke wannan aiki. Mai ciwon ƙoda, ciwon da ya daɗe yana addabar yankin Gashuwa a Jihar Yobe da wasu sassan Borno, sai an kai shi wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kowace tafiya kuma da kuɗinta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara, kuma uwar kowane ɗaya daga cikinsu ta san yadda gabanta yake faɗuwa da zarar sanyin hunturu ya shigo ko yaron ya ce ƙafarsa tana ciwo. Ga kuma ruɗewar tsufa, inda dattijo zai daina gane 'ya'yan cikinsa, ya tashi tsakar dare ya buɗe ƙofa ya fita, da safe kuma ya zargi wadda take wanke shi da sace masa kuɗi. Wanda bai zauna da irin wannan ba, da wuya ya gane yadda zargin uban da kake ƙauna yake cin rai, ko da kuwa ka san ciwo ne yake magana da bakinsa.

Gajiyar da nake magana a kanta ba ta zuwa farat ɗaya, shi ya sa ake rasa gane ta. Da farko mutum zai ga yana kwanciya a gajiye amma barci ya ƙi zuwa, ko ya zo ya yanke da tsakar dare, ya tashi da safe kamar bai kwanta ba. Daga nan sai mantuwa ta shigo, a rasa tuna ko an ba da maganin safe ko ba a bayar ba, a ɗora tukunya a manta da ita har ta ƙone, a idar da salla ba a san raka'a nawa aka yi ba. Sai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, musamman a kan yara, da ciwon kai da na wuya da na baya, da zafin ƙirji, da rashin sha'awar abinci ko ta zama cikin mutane. Matakin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin da zuciya ta daina jin komai, mutum yana yi wa mahaifiyarsa wanka amma tausayin da ya saba ji ya ɗauke, sai ya tsorata da kansa, ya ɗauka ya zama mugu ko imaninsa ya yi rauni. Masu jinya ba sa zuwa su ce suna da wata cuta mai suna. Abin da suke cewa shi ne kaina ya ɗauki zafi, ko jikina duk ya mutu, ko zuciyata a ƙuntace take, ko kuma na gaji da komai, kuma idan ma'aikaci ba mai saurare ba ne sai ya rubuta maganin zazzaɓi ya sallame su.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, wanda yake aiki a wani asibitin sa-kai a birnin New York na Amurka, ya rubuta yadda ya ga 'yan sa-kan da suka fara aiki da himma da tausayi suna komawa masu gajiya da ƙosawa da mutanen da suka zo taimaka wa, kuma ya lura cewa waɗanda suka fi sadaukar da kai su ne suka fi faɗawa cikin wannan hali. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan yanayi a cikin kundinta na rabe-raben cututtuka da alamomi uku: ƙarewar kuzari, da nisantar aiki a zuciya har a riƙa ganin baƙinsa, da raguwar iya aikin. Hukumar ta taƙaita bayanin nata ga wurin aiki, amma an yi bincike na musamman a kan masu jinyar 'yan'uwansu. A shekarar 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio sun yi wa wasu mata masu jinyar tsofaffi masu ruɗewa ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka yi wa wasu matan sa'o'insu da ba sa jinya irin wannan rauni, sai aka ga na masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. A shekarar 1999 kuma Richard Schulz da Scott Beach sun wallafa sakamakon bibiyar tsofaffin ma'aurata na tsawon shekara 4, inda suka gano cewa masu jinyar abokan zamansu da suka ce suna cikin matsi sun fi waɗanda ba sa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin 100. Abin lura a binciken shi ne masu jinyar da ba su ji matsi ba ba a ga irin wannan ƙarin haɗari a tare da su ba, wanda ke nuna cewa matsin da babu mai rage shi ne yake kisa.

Dalilin haka a jiki yake. Idan mutum ya shiga fargaba, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya shirya wa gudu ko kare kai. Allah ya halicci wannan tsari don haɗarin da yake zuwa ya wuce. Idan fargabar ta ƙi wucewa, aka wayi gari da ita aka kwana da ita wata da watanni, sai barci ya lalace, jini ya riƙa hawa, garkuwar jiki ta yi rauni, tunani kuma ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Rijiyar da ake ɗiba safe da yamma ba a barinta ta tsattsafo, komai zurfinta wata rana guga zai fito da laka, kuma ba wanda zai ce laifin rijiyar ne.

Abin da ya sa wannan matsala take ɓoyuwa a cikinmu, a ganina, shi ne yadda muke amfani da haƙuri. Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, kuma na ga masu jinyar da shi kaɗai ya riƙe su a lokacin da babu kuɗi babu mataimaki. Amma mun mayar da shi abin rufe bakin mai kuka. Idan mai jinya ta ce ta gaji, amsar da take samu ita ce ki yi haƙuri, ladanki yana wajen Allah, kuma sau da yawa mai faɗin haka yana faɗa ne yana gyara hularsa zai koma gidansa ya yi barci. 'Yar da take jinyar mahaifiyarta ba za ta iya buɗe baki ta ce nauyin ya yi mata yawa ba, don kada a ce ta manta wahalar da aka sha a kanta. Matar da take jinyar uwar mijinta ta fi shiga tsaka mai wuya, domin duk ƙorafin da ta yi za a fassara shi da cewa dama ba ta son dangin miji. Alhali addinin da muke fakewa da shi bai ce mutum ya kashe kansa a kan aikin alheri ba. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i ya iske shi yana azumi da rana yana tsayuwa da dare har ya yi watsi da haƙƙin iyalinsa, sai ya matsa masa ya ci abinci ya kuma yi barci, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka, don haka ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da aka kai maganar gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Idan har sallar dare da azumin nafila ba su halatta wa mutum ya tauye haƙƙin ransa ba, ban ga yadda za a ɗora wa mace ɗaya jinyar da mutum biyar ya kamata su raba, sannan a kira gajiyarta rashin imani ba.

Ina tuna wata matashiya da take kawo uwar mijinta ganin likita bayan tsohuwar ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ita take ɗaukarta daga keken guragu ta ɗora a gado, ita ta san sunan kowane magani da lokacin shansa, ga kuma goyo a bayanta. Wata rana na ga hannunta yana rawa lokacin da take buɗe jaka, sai na ce ta zauna in auna ta ita ma, na iske jininta ya hau fiye da na tsohuwar. Da na tambaye ta yadda take kwana, sai ta yi shiru, can ta ce, "Sista, ni ban san abin da ya same ni ba. Jiya yarona ya faɗi ya fasa baki, na tsaya ina kallonsa yana kuka, wallahi ban ji komai ba." Tana gama faɗa sai hawaye. Na kira mijin gefe na ce, "Malam, Hajiya ba ta da wasu 'ya'yan ne?" Ya ce akwai, mata uku suna aure a cikin garin, kuma duk ranar Juma'a suna zuwa dubiya. Mutumin kirki ne, yana son matarsa, yana ta faɗin ai tana ƙoƙari, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙoƙarin yana da iyaka ba, domin ba ta taɓa faɗa masa ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

Idan aka duba gidaje da yawa za a ga jinya tana faɗawa kan wadda ba ta da bakin cewa a'a: bazawarar da ta dawo gida, ko 'yar da ba ta yi aure ba, ko matar ƙaramin ɗa da ke zaune a gidan gado, ko yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kakarta. Maza kuwa nasu nauyin na aljihu ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, duk da cewa dokar inshorar lafiya ta shekarar 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na magani da na abinci suka tashi gaba ɗaya, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024. Na ga magidantan da suka sayar da fili da babur da awakin matansu, waɗanda da zarar waya ta yi ƙara sai gabansu ya faɗi don sun san wata takardar magani ce. Irin wannan mutum ba ya kuka, domin tun yana yaro aka gaya masa namiji ba ya kuka, sai dai a ga ya daina zuwa majalisa, ya rame, yana faɗa a gida a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Maganin farko a hannun dangi yake, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Da zarar likita ya ce ciwon mai daɗewa ne, ya kamata babban wa ko kawu ko gwaggo su tara 'ya'ya da surukai a zauna a raba aikin baki da baki, a faɗi wanda zai kwana ranar kaza, da wanda zai kai asibiti, da abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, a kuma rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan ba a ambaci sunan kowa da ranarsa ba, kowa zai ɗauka wani ne zai yi. Abin da na fi matsawa a kansa shi ne dare. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma ba abin da yake rushe mai jinya da sauri kamar yankakken barci, don haka ko dare 2 a mako aka ɗauke mata ta kwana a wani ɗakin da ba ta jin kiran mara lafiya, za a ga bambanci a fuskarta. 'Yan'uwan da suke Legas ko Abuja ko ƙasar waje, waɗanda ba za su iya zuwa ba, su ɗauki nauyin biyan mai wanki ko mai taya aiki, su kuma riƙa turo nasu kason a kan lokaci ba sai an kira an roƙa ba, domin roƙon ma wata gajiya ce. Zaurukan WhatsApp na dangi, da ake cika su da addu'ar Allah ya ba da lafiya, za su iya ɗaukar jadawalin kwana da lissafin kuɗin magani.

Masu zuwa dubiya ma ina da magana da su, domin dubiya sunna ce kuma tana ƙarfafa zuciyar mara lafiya, amma yadda muke yin ta yakan ƙara wa mai jinya aiki. Za a zo rukuni-rukuni tun daga hantsi har bayan isha'i, ita za ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ɗora girki, ta maimaita labarin ciwon ga kowa, ta saurari mai cewa a gwada wannan saiwa da mai cewa a canja likita. Kowa zai ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi, amma da wuya a sami mai ce mata ke kin ci abinci kuwa. Mai son lada ya taƙaita zama, ya zo da dafaffen abinci, ya kwashi wanki ya tafi da shi, ya kai yara makaranta, ko ya ce wa mai jinya tashi ki je ki kwanta, ni zan zauna da Baba har la'asar. Tambayar me kike buƙata ba ta cika amfani ba, domin kunya za ta sa ta ce ba komai. Gara a zaɓi aiki guda a yi shi kawai.

Ita kuma mai jinya, ina ba ta shawara a matsayina na uwa cewa ta karɓi taimako idan an miƙo, ta kuma faɗi abin da take so a fili ba tare da jiran a gane ba. Ta ci abinci a kan lokaci, ta fita ta sha iska ko da zagayen unguwa ne, ta riƙe abu guda nata wanda ba na jinya ba, ko Islamiyya ko 'yar sana'arta, ta kuma sami mutum ɗaya mai riƙon amana da za ta riƙa faɗa wa abin da ke ranta har da wanda take jin kunyar faɗa. Ta nemi ma'aikatan asibiti su koya mata yadda ake ɗaga mara lafiya da juya shi ba tare da ta lalata bayanta ba, kuma duk ranar da ta kai shi awo ta ce a auna jininta ita ma. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne neman sauƙi a kemis. Na ga mata masu mutunci da suka fara da ƙwayar barci irin su diyazefam don su samu su runtsa, da maza da suka fara da taramol don su iya tsayuwa, daga baya ƙwayar ta zama wani ciwon na daban. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar 2018 saboda irin ɓarnar da ya yi, musamman a Arewa, kuma ba duk waɗanda suka faɗa ciki ba ne 'yan iska, akwai waɗanda damuwa ce ta kai su.

Akwai lokacin da hutu da taimakon dangi ba za su wadatar ba, sai an ga likita. Ƙarancin jini da ciwon sukari da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo kasala mai kama da wannan, kuma gwaji ne kaɗai zai bambance. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya zauna kusan kullum har mako 2 ko fiye, tare da rashin barci da ganin kai ba shi da amfani, to abin ya kai ga ciwon damuwa, wanda yake da magani kuma ana warkewa. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ji yana son cutar da kansa ko mara lafiyar, kada a tsaya yi masa wa'azi kawai, kada kuma a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, akwai kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Na san mutane suna gudun waɗannan wurare don kada a ce sun haukace, wasu kuma sun fi yarda cewa sammu ne ko aljanu. Ba na hana kowa addu'a da ruƙiyya ta shari'a, ni ma ina yi, amma a haɗa da zuwa asibiti, kamar yadda ba wanda yake ƙin ɗaurin karaya don yana addu'a.

Wani lokacin da ake mantawa da mai jinya gaba ɗaya shi ne bayan rasuwa. Ana gama zaman makoki kowa ya watse, ita kuma ta wayi gari ba wanda za ta juya, ba maganin da za ta bayar, jikin da ya daɗe a ɗaure sai ya saki, a nan ne da yawa suke kwantawa ciwo. Wasu sukan ji wani irin sauƙi a ransu cewa wahalar ta ƙare ga mamacin da su kansu, sai kuma su tsani kansu saboda sun ji hakan, su yi ta tuhumar kansu a kan ranar da suka ɗaga masa murya. Ina so duk wadda ta karanta wannan ta san cewa jin wannan sauƙi abu ne da aka sani ga masu doguwar jinya, kuma ba ya nufin ba ta ƙaunaci mamacin ba. Matar da ta yi shekaru tana jinyar mijinta sannan ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10 ta fi kowa buƙatar a riƙa leƙa ta bayan sadakar arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, don haka ba za a jira su kaɗai ba. Tun shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa su kuma fara kula da shi, kuma jihohinmu za su iya faɗaɗa wannan horo zuwa asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni da ƙauyuka. Tunanin sanya dangi cikin magani ma ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke zama tare da 'yan'uwansu a gidajen mutanen ƙauye suna karɓar magani. Tunda mun yarda asibitocinmu ba sa tafiya sai da dangi, adalci ne a tanadar musu wurin kwana mai gidan sauro, da banɗaki mai ruwa, da wurin wanki, a kuma sa tambayar lafiyar mai jinya ta zama cikin aikin ma'aikaci a duk zuwa awo. Ina roƙon limamai da malaman Islamiyya da shugabannin coci, idan suna wa'azi a kan ladan jinya da biyayyar iyaye, su haɗa da wajibcin raba nauyin tsakanin 'ya'ya maza da mata. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka asibitocin garuruwanmu bayan sallar isha'i, su zauna da waɗanda suke kwance a baranda su ji daga bakinsu, sannan a ware shafi a wannan jarida inda likitocin ƙwaƙwalwa za su riƙa amsa tambayoyin masu jinya da Hausa ba tare da an buga sunan mai tambaya ba.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, daga Zariya.